Wankan ruwan zafi, sukarin jini da ƙiba: Abin da bincike ya gano da inda ya tsaya

Tun daga shekarar 2017 wani kanun labari yake ta yawo a jaridun duniya cikin harsuna daban-daban, wai zama cikin ruwan zafi na awa ɗaya yana ƙona kalori daidai da tafiyar rabin awa, kuma yana sauke sukarin jini. Maganar tana da tushe, domin daga binciken jami'a ta fito. Sai dai akwai tazara mai faɗi tsakanin abin da masanan suka auna da abin da mai karatu yake ɗauka, kuma a cikin wannan tazara ne mai ciwon suga zai iya cutuwa.

Batun ya shafi mutane da yawa. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya, IDF, ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne suke ɗauke da cutar a faɗin duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su san suna da ita ba. A inda kuɗin magani yake cinye albashi, duk labarin da ya nuna wata hanya mai sauƙi yana samun masu sauraro. Shi ya sa yake da kyau a san ainihin abin da aka gwada, a kan su wa, da kuma abin da aka samu.

Yadda jiki yake sarrafa sukari

Duk abinci mai sitaci, irin su tuwo, shinkafa, doya da burodi, yana narkewa ya koma sukari ya shiga jini. Wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci suke kira fankiriyas, ita take fitar da sinadarin insulin, shi kuma yake buɗe wa sukarin hanya ya shiga tsoka da hanta da sauran sassan jiki. A ciwon suga nau'i na ɗaya, jiki ya daina samar da insulin. A nau'i na biyu, wanda shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba, insulin ɗin yana nan amma jiki ba ya amsa masa yadda ya kamata, sai sukari ya taru a jini yana lalata jijiyoyi, ƙoda, idanu da zuciya sannu a hankali.

Akwai ma'aunai biyu da za su taimaka wajen fahimtar abin da zai biyo baya. Na farko shi ne gwajin sukari da safe kafin a ci komai: idan ya kai maki 126 ko ya wuce, kuma aka sake gwadawa ya tabbata, ana lissafa mutum cikin masu ciwon. Na biyu shi ne gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin sukarin jini na watanni biyu zuwa uku da suka wuce. A nan kashi 6.5 cikin ɗari ne iyakar.

Binciken da ya haifar da maganar

A Jami'ar Loughborough da ke Ingila, Dakta Steve Faulkner da abokan aikinsa sun ɗauki maza 14, wasu marasa ƙiba wasu masu ƙiba. Kowannensu ya yi gwaji iri biyu: zama cikin ruwa mai zafin digiri 40 a ma'aunin Salshiyas na tsawon awa ɗaya, da kuma tuƙa keke na awa ɗaya. An tsara gwajin ta yadda kowanne daga ciki zai ɗaga zafin cikin jiki da kimanin digiri 1. Sannan aka bi sukarin jininsu na awa 24. An wallafa sakamakon a 2017 a mujallar Temperature.

Keke ya ƙona kalori fiye da wanka sosai. Wankan ya ƙona kimanin kalori 140, wanda ya yi daidai da tafiyar ƙafa ta rabin awa, kuma daga nan kanun labarin ya samo asali. Ta fuskar sukari, yanayinsa a tsawon yini bai bambanta sosai ba tsakanin gwaje-gwajen biyu. Abin da ya ja hankali shi ne, ƙololuwar da sukari yake kaiwa bayan cin abinci ta yi ƙasa da kimanin kashi 10 cikin ɗari bayan wanka idan aka kwatanta da bayan tuƙa keke.

Abubuwa uku ya kamata a riƙe game da wannan bincike. Mutum 14 ne kawai, dukkansu maza, kuma ba a kan masu ciwon suga aka tsara shi ba. Zama ɗaya aka yi, don haka bai auna abin da zai faru bayan wata shida ko shekara ba. Masanan kansu sun gabatar da shi a matsayin abin da zai iya amfanar waɗanda ba sa iya motsa jiki, kamar tsofaffi, masu laluran ƙashin baya ko masu ƙiba mai tsanani.

Sauran gwaje-gwajen da aka yi

Tun kafin wannan, a 1999, wani likita a jihar Kolorado ta Amurka, Dakta Philip Hooper, ya wallafa gajeren rahoto a mujallar New England Journal of Medicine. Ya sa masu ciwon suga nau'i na biyu su takwas suna shiga kwamin ruwan zafi na minti 30 a rana, kwana shida a mako, har tsawon mako uku. Matsakaicin sukarinsu na safe ya sauka daga 182 zuwa 159, HbA1c ya sauka daga kashi 11.3 zuwa 10.3, nauyinsu kuma ya ragu da kimanin kilo 1.7. Ɗaya daga cikinsu sai da ya rage yawan insulin da yake yi da kashi 18 cikin ɗari don kada sukarinsa ya faɗi ƙasa da kima.

Sakamakon yana da ban sha'awa, amma alƙalumansa suna faɗar wani abu ƙari. Maki 159 yana nan sama da 126, kashi 10.3 kuma yana nesa da 6.5. Wato bayan mako uku marasa lafiyan suna nan da ciwonsu, kuma sun ci gaba da shan magungunansu a duk tsawon gwajin. Babu kuma wani rukuni na daban da ba a sa a ruwa ba wanda za a kwatanta su da shi, domin a gane ko wankan ne ya kawo canjin ko kuwa ƙarin kulawar da mutum yake yi wa kansa idan ya san likita yana bin sa kullum.

A 2018 wata tawagar ta Loughborough, ƙarƙashin Sven Hoekstra da Christof Leicht, ta wallafa a Journal of Applied Physiology gwajin da ta yi wa maza 10 masu ƙiba waɗanda ba sa motsa jiki. Sun shiga ruwa mai zafin digiri 39 har sau goma cikin mako biyu. A ƙarshe sukarinsu na safe da yawan insulin a jininsu sun ragu. Masanan sun kuma rubuta cewa mutanen sun sha wahalar zaman, abin da yake nuna ba kowa zai iya ɗorewa a kai ba.

Akwai kuma sakamakon da ya saɓa wa waɗannan, wanda ba kasafai yake shiga kanun labarai ba. A 2019 Leicht da abokan aikinsa sun ba da rahoton cewa idan aka ba mutum ruwan sukari jim kaɗan bayan ya fito daga ruwan zafi, sukarin jininsa yana hawa fiye da yadda yake hawa idan bai shiga ruwan ba. Zafi damuwa ne ga jiki, kuma a lokacin damuwa jiki yana sakin sinadarai irin su adirenalin waɗanda suke ɗaga sukari. Saboda haka tasirin nan take yana iya zama kishiyar tasirin da ake gani bayan an maimaita.

Darussa daga Finland da Japan

Manyan alƙaluma sun fito ne daga ƙasashe biyu da zama cikin zafi ya zama al'adarsu. A Finland, inda kusan kowane gida yake da ɗakin gumi da ake kira sauna, Farfesa Jari Laukkanen da tawagarsa sun bi maza 2,315 daga yankin Kuopio na kimanin shekara 20. Rahotonsu na 2015 a JAMA Internal Medicine ya nuna cewa masu shiga sauna sau huɗu zuwa bakwai a mako sun fi masu shiga sau ɗaya ƙarancin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin ɗari a tsawon lokacin.

A Japan, inda ake zama cikin kwami mai zurfi ruwa har kafaɗa, wani bincike da aka wallafa a mujallar Heart a 2020 ya bi mutum sama da 30,000 na kusan shekara 20. Masu shiga kwami kusan kullum sun sami ƙarancin cututtukan zuciya da jijiyoyin jini da kashi 28 cikin ɗari, da ƙarancin shanyewar ɓarin jiki da kashi 26, idan aka kwatanta da masu shiga sau biyu a mako ko ƙasa da haka.

Irin wannan bincike kallo ne da ƙidaya. Ba a raba mutane aka sa wasu wanka aka hana wasu ba. Mai ƙarfin shiga sauna kullum wataƙila dama ya fi lafiya, ya fi wadata, ya fi samun lokacin hutu, marar lafiya kuwa shi yake fara daina shiga. Masanan suna ƙoƙarin cire tasirin shekaru, taba da giya a lissafinsu, amma alaƙa tsakanin abubuwa biyu ba ta isa hujjar cewa ɗaya ne ya haifar da ɗaya ba. A Japan ɗin ma, dubban tsofaffi ne suke mutuwa a ɗakin wanka duk shekara, galibi da hunturu, saboda suma cikin ruwa ko bugun zuciya.

Abin da zafi yake yi wa jiki

Idan jiki ya nutse cikin ruwan da ya fi shi zafi, gumi ba ya iya sanyaya shi, sai zafin ciki ya hau. Jijiyoyin jini na fata suna buɗewa, zuciya tana ƙara sauri, jini yana ƙara gudana zuwa hannuwa da ƙafafu. Wannan ya yi kama da wani ɓangare na abin da yake faruwa yayin motsa jiki. Ƙarin gudun jinin yana sa bangon jijiyoyi ya fitar da wani sinadari mai sassauta su, abin da yake taimakawa wajen sauke hawan jini. A 2016 masana a Jami'ar Oregon ta Amurka sun nuna cewa mako takwas na shiga ruwan zafi ya inganta aikin jijiyoyin jini ya kuma ɗan sauke awon jinin matasa marasa motsa jiki.

Hanya ta biyu ita ce wasu sunadarai da ƙwayoyin halitta suke samarwa idan zafi ya matsa musu, domin su kare kansu. Ana samun ƙarancinsu a tsokar masu ciwon suga nau'i na biyu, kuma gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna cewa ƙaruwarsu tana sa jiki ya fi amsa wa insulin. Abin da ruwan zafi ba ya yi shi ne aikin tsoka. Tsokar da take motsi tana jawo sukari daga jini ko da insulin ya yi ƙaranci, tana ƙara girma da ƙarfi, tana ƙarfafa ƙashi. Wanda yake zaune cikin kwami bai sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Lissafin ƙiba

A batun rage ƙiba, lissafi mai sauƙi ya isa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Idan aka raba da 140, sai an yi zaman awa ɗaya har sau 55 kafin a kai wannan adadi. Lissafin ma ya yi wa wanka alfarma, domin wani kaso na kalori 140 ɗin jiki zai ƙona shi ko da mutum yana zaune a kan tabarma bai yi komai ba. Kwalba ɗaya ta lemo mai sukari tana iya mayar da duk abin da awa ɗayar ta ƙona.

Wanda ya hau ma'auni bayan ya fito daga ruwan zafi yana iya ganin nauyinsa ya ragu. Ruwan jiki ne ya fita ta gumi, kuma da zarar ya sha ruwa nauyin zai dawo. 'Yan dambe da 'yan kokawa na zamani sun daɗe suna amfani da wannan dabara kafin a auna su, kuma likitocin wasanni suna gargaɗi a kanta saboda illarta ga ƙoda da zuciya.

Wankan bokiti da wankan jego

Kalmar wanka kanta tana kawo ruɗani. A duk gwaje-gwajen da aka ambata, mutum yana nutsewa ne cikin ruwa, ana riƙe zafin ruwan a kimanin digiri 38 zuwa 41, na tsawon minti 30 ko fiye, ma'aikata suna auna bugun zuciyarsa da zafin jikinsa. Wankan da aka saba yi a ƙasar Hausa, da bokiti da moɗa, minti kaɗan ne, ruwan yana gangarewa, iska tana sanyaya fata. Ba ya ɗaga zafin cikin jiki irin wannan ɗagawar, don haka sakamakon binciken bai shafe shi ba. An kuma yi gwaje-gwajen ne a ƙasashe masu sanyi. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafin gari kansa yake haura digiri 40, jiki yana fama ne da neman yadda zai fitar da zafi.

Al'adar da ta fi kusa da zafi mai tsanani a nan ita ce wankan jego: ruwa mai zafi ƙwarai da ake fyaɗa wa mai haihuwa da ganye safe da yamma har kwana arba'in, tare da kunun kanwa, a wasu wuraren kuma da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. A shekarun 1970 likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ciki har da Farfesa Eldryd Parry, sun rubuta yawaitar gazawar zuciya a tsakanin matan da suka haihu, suka danganta ta da haɗuwar zafi da gishirin kanwa, waɗanda suke ƙara wa zuciya nauyin aiki. Binciken da aka yi daga baya a Kano ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye ya jawo hankali ga wasu dalilan, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam da rashin abinci mai gina jiki. Abin da tarihin ya koyar shi ne, zafi mai yawa aiki ne ga zuciya, kuma zuciya mai rauni ba ta ɗaukar sa.

Haɗarin ga mai ciwon suga

Mutanen da labarin ya fi jan hankalinsu su ne waɗanda ruwan zafi ya fi yi wa barazana. Ciwon suga da ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji, musamman a ƙafafu. Mai irin wannan lalura zai iya tsoma ƙafa cikin ruwan da yake ƙona fata bai ji ba. Ƙunar tana zama gyambo, gyambon mai suga kuma yana da wuyar warkewa, kuma shi ne kan gaba cikin dalilan yanke ƙafa da ba na haɗarin mota ba. Saboda haka likitoci suke cewa a gwada zafin ruwa da gwiwar hannu ko ma'aunin zafi, kuma kada mai rauni a ƙafa ya jiƙa ta.

Zafi yana kuma hanzarta shigar insulin daga wurin allura zuwa jini, abin da aka nuna a Finland tun 1980 a gwajin da aka yi cikin sauna. Sakamakonsa shi ne faɗuwar sukari ƙasa da maki 70. Alamominta su ne gumi, jiri, rawar jiki da bugun ƙirji, waɗanda duk mai zaune cikin ruwan zafi zai iya ɗauka zafin ne kawai, har ya suma a cikin ruwa. Masu shan magungunan da suke tilasta wa jiki fitar da insulin, irin su gilibenkilamayid, su ma suna cikin wannan haɗari.

Buɗewar jijiyoyi tana sauke awon jini, don haka miƙewa tsaye farat ɗaya bayan dogon zama yana kawo jiri da faɗuwa, musamman ga tsofaffi da masu shan maganin hawan jini ko na fitsari. Ana shawartar mai juna biyu ta guji duk abin da zai ɗaga zafin jikinta sosai, musamman a watannin farko, domin an danganta hakan da naƙasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri. Masu ciwon zuciya, farfaɗiya ko ciwon ƙoda su nemi shawarar likita tukuna. Ga mai lafiya da yake da kwami, hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sa digiri 40 a matsayin iyakar da bai kamata ruwa ya wuce ba.

Abin da aka tabbatar yana aiki

Bambancin ƙarfin hujja yana fitowa fili idan aka jera alƙaluma. Gwaje-gwajen ruwan zafi a kan sukari an yi su ne a kan mutum 8, 10 da 14, na tsawon kwana ɗaya zuwa mako uku. Shirin Rigakafin Ciwon Suga na Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2002, ya ɗauki mutum 3,234 da suke dab da kamuwa ya bi su na kimanin shekara uku. Gyara abinci, rage nauyi da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, maganin metfomin kuma ya rage da kashi 31. A Birtaniya, binciken DiRECT ya nuna cewa kashi 46 cikin ɗari na masu nau'i na biyu da aka sa a tsarin rage ƙiba ƙarƙashin kulawar asibiti, sukarinsu ya koma ƙasa da iyakar ciwon bayan shekara ɗaya ba tare da maganin suga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma minti 150 a mako ta sa a matsayin mafi ƙarancin motsa jiki ga manya, wato rabin awa sau biyar.

A Najeriya, abin da yake tura mutane neman irin waɗannan hanyoyi shi ne tsadar magani. Kamfanin GSK ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a ƙasar a 2023, Sanofi mai yin insulin ya koma sayarwa ta hannun dillali, faɗuwar darajar naira kuma ta ɗaga farashin duk abin da ake shigowa da shi. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, a Yunin 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna. Tambayoyin da suka dace 'yan ƙasa su riƙa yi wa wakilansu su ne ina kuɗin harajin lemo yake tafiya, ko asibitin unguwa yana da na'urar gwajin suga da tsinkenta, da kuma ko inshorar tana biyan kuɗin insulin.

Ruwan zafi yana iya zama ƙari ga wanda ba ya iya tafiya, idan likitansa ya amince kuma akwai mai lura da shi. Wanda yake shan magani kada ya rage ko ya daina saboda wanka, wanda kuma bai taɓa gwada sukarinsa ba, ɗigon jini ɗaya daga yatsa da safe kafin karin kumallo zai nuna masa inda yake.